Yadda Za Ka Ɗauki Hotunan Unguwarku Don Gasar Hoto Mai Jigo

Na fi shekara goma ina bin lungun da ya tashi daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi, safe da yamma. Amma ranar da aka sanar cewa jigon gasar hoton makon shi ne "ƙofa", sai na zauna ina ta ƙoƙarin tuna launin ƙyauren gidan da ke kallon namu, na kasa. Da gari ya waye na fita na duba. Kore ne, na ƙarfe, an yi masa faci da falankin gwangwani daga ƙasa inda ruwan damina ya cinye, yaran gidan kuma sun cika rabinsa da lissafin alli, daidai iyakar inda hannunsu yake kaiwa. Tun daga ranar na gane amfanin jigo: yana dawo wa mutum da idon da sabo ya ɗauke masa.

Irin wannan gasa ba ta da wuyar fahimta. Wani zaure a Facebook, ko rukunin WhatsApp, ko shafi a Instagram zai ba da kalma ɗaya, kamar "ruwa" ko "inuwa" ko "sana'a", a ce kowa ya kawo hoto kafin rana kaza. Akwai kuma manya irin su Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da jigon abinci, a 2017 aka yi mutane a bakin aiki, a 2020 sufuri, a 2022 gida da muhalli, a 2023 yanayi. Duba waɗannan jigogi da kyau, babu ko ɗaya da ke buƙatar ka hau jirgi. Duk suna nan tsakanin ƙofar gidanku da kasuwar unguwa. Zan riƙa kawo misali da Kano domin ita na fi sani, amma mutumin Zariya ko Katsina ko Maraɗi ko Damagaram zai iya ɗora matakan a kan garinsu.

Mataki na ɗaya: karanta ƙa'idojin kafin ka taɓa kamara

Mutane da yawa suna faɗuwa tun a nan, alhali hotonsu ya isa ya ci. Nemi amsar waɗannan tambayoyi: yaushe za a rufe karɓa, kuma da agogon wace ƙasa? Hoto nawa aka yarda mutum ɗaya ya tura? Dole sai sabo, ko tsohon da ke cikin waya ma ya yi? An yarda a gyara haske da launi? An yarda ka buga sunanka a jikin hoton?

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce ta mallaka. Gasannin da ake tura hotunansu a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia take amfani da su, suna neman ka saki hoton a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar amfani da shi, har da masu kasuwanci, muddin sun ambaci sunanka. Wannan abu ne mai kyau, ta haka hoton ƙofar garinku zai iya shiga maƙalar Wikipedia ta Hausa ya amfani ɗalibi. Sai dai in ka saki, ka saki ke nan, ba a janyewa. Don haka in akwai fuskar mutum a ciki, ya kamata shi ma ya san inda hotonsa zai je.

Mataki na biyu: juya jigon kamar waina

Ɗauki takarda da biro, ka rubuta abubuwa ashirin da kalmar ta kawo maka a rai. Biyar na farko ka soke su, domin su ne za su zo wa kowa. In aka ce "ƙofa" a Kano, rabin masu shiga Ƙofar Nasarawa za su nufa, ko Ƙofar Mata, ko Sabuwar Ƙofa, su tsaya daga tsallaken titi su ɗauko ginin gaba ɗaya da adaidaita sahu suna wucewa. Alƙali zai ga irin wannan talatin kafin ya iso kan naka.

Daga na shida zuwa sama ne aikin yake farawa. Ƙofar zaure da tabarmar kaba a rataye. Labulen ɗakin amarya. Kwaɗon da ya yi tsatsa a shagon da mai shi ya rasu. Jerin takalman yara a bakin makarantar allo. Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye a gidan tarihi na Gidan Makama, waɗanda za ka iya matsawa kusa da su har ka ga kawunan ƙusoshi. Akuyar da ta kwanta a dokin ƙofa ta hana kowa wucewa. Hannun yarinya da lalle yana tura ƙyaure. Duk waɗannan ƙofa ne, kuma kowanne yana da ɗan labari a bayansa.

Haka za ka yi wa kowane jigo. "Ruwa" bai tsaya a dam ɗin Tiga ba: akwai ɗan garuwa yana tura kura da jarkoki goma sha biyu, akwai indararo yana zuba ranar ruwan farko, akwai butocin alwala a jere a ƙofar masallaci, akwai raɓar da ke jikin randa. "Shuɗi" zai kai ka marina, amma zai iya kai ka ga rigar 'yan makaranta da aka shanya a igiya. A ganina hoton da ya fi ƙarfi shi ne wanda mai kallo zai yi daƙiƙa biyu bai ga jigon ba, sannan ya gani ya ce, "Af, ashe!" Kada dai ka yi nisa har ya zama sai ka rubuta dogon bayani kafin a gane alaƙar. In sai an yi wa hoto tafsiri, jigon ya kuɓuce.

Mataki na uku: zagaya hannu rabbana

Kwana ɗaya ko biyu kafin ka fara ɗauka, bar wayar a aljihu ka bi unguwar da ƙafa. Abin da kake nema shi ne sanin inda abubuwan jerinka suke, da lokacin da rana take faɗa musu, da kuma wanda ya kamata ka gaisar. Alƙibla za ta taimake ka: a ƙasar Hausa tana wajen gabas, don haka duk ƙofar da ke kallon inda ake fuskanta a salla da safe take samun rana, wadda ta juya baya kuma sai bayan azahar. Lura da lokacin da mai shayi yake hura wuta, da lokacin da ake tashi daga makarantar allo, da ranar da kasuwar ƙauyen kusa take ci. Wannan zagaye yana rage maka wahala fiye da kowace manhaja.

Mataki na huɗu: shirya wayar

Ba sai kana da babbar kamara ba. Tecno ko Infinix ko Samsung ta tsaka-tsaki ta isa, in dai da rana za ka yi aiki. Goge gilashin kamarar da gefen riga mai laushi kafin kowace ɗauka. Waya tana kwana a aljihu da gumi da maiƙon hannu, da hunturu kuma ga ƙura, kuma yawancin hotunan da ake cewa "wayar ce ba ta da kyau" dattin gilashi ne kawai.

Shiga saitin kamara ka kunna layukan raga, waɗanda suke raba fuskar wayar gida tara. Sa girman hoto a 4:3, domin a yawancin wayoyi shi ne ke amfani da idon kamarar gaba ɗaya, 16:9 yanke sama da ƙasa yake yi. Kashe filasha. Kashe duk wani saitin gyaran fuska da ke mayar da fatar mutum kamar roba. Kada ka jawo abu kusa da yatsu biyu, in ba wayarka tana da gilashi na musamman mai lamba 2 ko 3 ba, domin jawowar yatsa faɗaɗa hoton kawai take yi har ya dagargaje. Ƙafarka ta kai ka kusa. Cika caji, share bidiyoyin da suka cinye wuri, ka kuma duba ko kamarar tana liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi. In a cikin gida za ka yi aiki, kashe wannan.

Mataki na biyar: haske, wanda shi ne rabin aikin

A Kano rana tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 na safe duk shekara, tana faɗuwa tsakanin 6 da 7 na yamma. Awa ɗaya bayan fitowarta da awa ɗaya kafin faɗuwarta su ne jarinka. A lokacin haske yana zuwa daga gefe, yana shafar bango a kwance, sai duk wani zane ya taso. Je ka kalli katangar ƙasa da aka yi wa yaɓe, ko dagin da aka zana a saman ƙofar soro, da ƙarfe 7 na safe, sannan ka koma da azahar. Da safe za ka ga sawun yatsun magini ɗaya bayan ɗaya, da inuwar zanko ta miƙe a kan rufi. Da azahar bangon zai zama fili fetal kamar ba a taɓa zana komai ba.

Muna kusa da tsakiyar duniya, saboda haka ranar tsaka tana tsayawa kusan a kan kai, musamman wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta. Tana zuba baƙar inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula, farar riga kuma ta ƙone ta zama fari fat babu ɗinki babu aiki. In dole sai da tsakar rana za ka fita, shiga inuwa: rumfar kasuwa, ƙarƙashin darbejiya, bakin zaure. Bakin zaure ma ya fi ko'ina. Zaunar da mutum taku ɗaya daga cikin ƙofa yana kallon waje, kai kuma ka tsaya a waje. Hasken zai sauka a fuskarsa a hankali, bayansa ya yi duhu, kamar an kai shi situdiyo.

Ga dabarar da na fi so kowa ya riƙe. Taɓa fuskar wayar a daidai abin da kake so ya fito tas, za ka ga ɗan hoton rana ko layi ya bayyana a gefe. Ja shi ƙasa kaɗan har sai farin da ke cikin hoton ya daina ƙyalli. Waya tana son haskaka komai, kuma in ta ga baƙar fata a gaban bango mai haske sai ta rikice, ko ta mayar da mutumin toka-toka ko ta ƙona bangon. Duhu kaɗan ana iya ɗago shi daga baya wajen gyara, amma farin da ya ƙone ya tafi har abada.

Kowane lokaci na shekara da irin kyautarsa. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana kashe launi yana ɓoye nesa, don haka kada ka hau Dala a ranar hazo kana sa ran ganin gari har Goron Dutse tas. Amma hazon nan yana tausasa rana ta zama kamar faifai, ana iya kallonta, kuma mutanen da suka kewaye wuta da asuba a lulluɓe da mayafi hoto ne da ba za ka samu a bazara ba. Damina ita ce sarauniya: hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, rana tana haska gini ta yamma, minti goma kacal kafin iska ta taso. In ka ga haka, ajiye abin da kake yi ka fita. Bayan an ɗauke ruwa kuma, durƙusa a bakin kududdufin da ya kwanta a lungu, ka kusanto da wayar dab da ruwan, za ka sami hasumiyar masallaci a kife a ciki.

Magariba ba ta jira a ƙasarmu. Daga faɗuwar rana zuwa duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. In kana son fitilar mai tsire ko ta mai shayi tare da sauran shuɗin sama, ka riga ka tsaya a wurin kafin a kira salla, ka jingina gwiwar hannu a kan dakali ko bango don kada hoton ya girgiza.

Mataki na shida: neman izini

A nan nake so in daɗe, domin na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Wata safiya na hangi wata dattijuwa tana tuyar ƙosai, hayaƙi yana tashi, rana tana ratsa shi ta baya. Na ɗaga waya daga nesa na danna. Ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, ko sallama babu?" Ban sami abin cewa ba. Na matsa na durƙusa na ba ta haƙuri, na goge hoton a gabanta. Ta yi gaskiya. Tana bakin neman abincin 'ya'yanta ne, ni kuma na ɗauke ta kamar wani ɓangare na bango.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Wayar tana aljihu nake isa. In yi sallama, in gaisa sosai: "Sannu da aiki, Baba, ya kasuwa?" ko "Ina kwana, Inna, an tashi lafiya?" In abin sayarwa ne in saya, ko da na ɗari biyu ne. Sannan in faɗi gaskiya a taƙaice: "Baba, muna wata gasar hoto ce a kan sana'o'in gari, aikin nan naka ya burge ni. Ka yarda in ɗauka? Za a sa shi a intanet, mutane za su gani." Kalmar intanet ɗin nan kada ka haɗiye ta. Wanda ya yarda ka ɗauka bai zama lallai ya yarda duniya ta gani ba.

In ya ce a'a, ka yi godiya da fara'a ka wuce. Wani ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, wani yana tsoron a yi masa izgili a soshiyal midiya, wani kuma ya gaji da masu zuwa su ɗauki talaucinsa su je su nemi tallafi da shi. Kowanne yana da hujja. Sau da yawa ma akwai tsaka-tsaki: "To, in ɗauki hannunka kawai da kayan aikin?" Yawanci ana yarda da wannan, kuma hannun maƙeri a kan uwar maƙera, ko yatsun mai ɗinkin hula da allura, sukan fi fuska magana.

Matan aure da 'yan mata, kada namiji ya ɗaga musu kamara a hanya. Yara sai da yardar iyaye, 'yan makarantar allo sai da yardar malaminsu. Ina roƙon masu shiga gasa su daina mayar da almajiri da robar bara abin cin gasa. Yaron nan ɗan wani ne, zai girma, hoton kuma yana nan. Haka marar lafiya, da mai taɓin hankali, da wanda haɗari ya rutsa da shi. Masallaci kuma ka nemi liman ko ladan, ka guji lokacin da ake salla. In za ka yi kwanaki kana aiki a unguwar da ba taku ba, fara da gaida mai unguwa, zai ma iya haɗa ka da yaron da zai zagaya da kai.

Ke kuma 'yar'uwa mai shiga gasa, kina da abin da maza ba su da shi. Cikin gida a buɗe yake gare ki: madafi, jeren ɗakin amarya, zaman ƙunshi, kitso, daka, tankaɗe, saƙar hula a tsakar gida. Rabin rayuwar Hausawa a can take, kuma ita ce ta fi ƙaranci a hotunan da ake gani. Sharaɗin dai ɗaya ne, wadda ta saki jiki a gabanki don ke mace ce, amana ta ba ki. Nuna mata hoton, ki gaya mata inda zai je, in da hali a bar fuska a waje.

Akwai wuraren da ko izini kada ka tsaya nema: barikin soja, shingen jami'an tsaro, ofishin 'yan sanda, gidan yari, harabar banki. Ka wuce da wayarka a aljihu.

Mataki na bakwai: tsara abin da zai shiga hoton

Kafin ka danna, zagaya da idonka kusurwa huɗu na fuskar wayar. Leda baƙa a ƙasa, wayar lantarki ta ratsa sama, turken fitila ya tsiro daga kan mutum, rabin babur ya leƙo ta gefe. Taku ɗaya zuwa dama ko ɗan durƙuso yakan kawar da su duka. Daidaita layukan raga da gini don kada katanga ta karkace. Abin da ya fi muhimmanci ka ɗora shi a inda layuka biyu suka haɗu, in kuma ƙofa ce mai ado iri ɗaya dama da hagu, sa ta a tsakiya cak.

Kowa daga tsaye yake ɗauka, wayar a daidai ƙirji. Kai ka sauya. Sauka daidai tsayin yaro, ko ka hau bene ka leƙo kan tallan mangwaro daga sama. Sannan ka koyi jira. In ka sami bango mai kyau da haske mai kyau, tsaya nan ka bar rayuwa ta shigo da kanta: mai keke da damin rake, tunkiya da 'ya'yanta, inuwar mai tallan fura. Na taɓa yin kusan rabin awa a gaban ƙofa ɗaya kafin wata kaza ta zo ta tsaya a inda nake so. Ga abin da ke motsi, yawancin wayoyi suna da hanyar ɗaukar hotuna da yawa a jere, ka nemi yadda taka take yi tun a gida. Mai shayi yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, a cikin hoto goma ɗaya ne zai kama zaren shayin a miƙe bai tsinke ba.

Kowane wuri ka ɗauke shi sau uku: daga nesa yadda za a san ina ne, daga tsaka-tsaki yadda za a ga mutum da aikinsa, sannan dab da dab.

Mataki na takwas: ranar fita yawo

In jigon ya kai ka wajen unguwa, zaɓi wuri ɗaya ko biyu, kada ka ce sai ka gama gari a yini guda. Ɗauki marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tana nan tun 1498. Je da hantsi lokacin da marina suke bakin aiki. Gaisa da shugabanninsu, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka kuma shirya sayen ɗan ƙyalle ko ba da wani abu, domin wurin cin abincinsu ne. Sannan ka zauna a bakin rijiya ɗaya ka zuba ido. Marini zai tsoma zane a ruwan baba, ya ɗago shi, ya bar iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Lokacin da ya fito yana da ɗan kore-kore, iska ce take juya shi shuɗi a gaban idonka. Hotonka yana cikin wannan ɗagowar, ruwa yana zuba daga zanen, kumfa tana kewaye bakin rijiyar. Daga nan ka bi ƙarar dukan itace zuwa wajen masu bugu, inda ake jibgar yadi a kan gungume har ya yi sheƙi.

Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lungunanta matsattsu ne, haske yana saukowa ta tsakanin rumfuna kamar igiya. Wurin 'yan dukawa da masu kayan doki ya dace da jigon launi ko sana'a. Da salla kuma akwai Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, kuma a 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Kowa dawakai yake ɗauka a cikin turmutsutsu. Ni na fi son safiyar ranar, a ƙofar gidan wani hakimi, ana ɗaura wa doki sirdi da jalala, ana naɗa wa yaro rawani karo na farko.

Maganar tsaro ba abin wasa ba ce, ƙwacen waya gaskiya ne. Ku fita ku biyu, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana lura. Kada ka tsaya a bakin titi da waya a miƙe ta ɓangaren da ababen hawa suke wucewa, kada kuma ka kai dare a lungun da ba a san ka ba. Riƙi ruwan sha da 'yan canji.

Mataki na tara: zaɓe da gyara

Kada ka zaɓa a ranar da ka ɗauka. Kwana ɗaya ya wuce tukuna, domin wahalar da ka sha a kan hoto takan sa ka so shi fiye da yadda ya cancanta. Daga ɗari ka fitar da goma, daga goma ka fitar da uku. Nuna wa wani ukun ba tare da ka faɗa masa jigon ba, ka tambaye shi me ya gani. Wanda ya kai shi ga kalmar, shi ne naka.

Gyara kuma kamar gishiri ne a miya. Da manhaja irin Snapseed ka miƙar da abin da ya karkace, ka yanke gefen da bai da amfani, ka ɗan ɗago duhu. Kada ka cika launi har jar ƙasa ta koma kamar manja, kada ka haskaka fatar mutum ta bar yadda Allah ya yi ta. Kada ka goge wani abu ko ka ƙara abin da babu, gasanni da yawa suna korar hoto saboda haka. Ajiye na asalin a gefe, ana iya neman sa don tabbatar da cewa kai ka ɗauka.

Mataki na goma: bayani da turawa

Rubuta abin da ke cikin hoton, da wurin, da watan. "Marini yana ɗago zane daga rijiyar baba, Ƙofar Mata, Kano, Janairu" ya fi "Al'adunmu abin alfaharinmu" amfani nesa ba kusa ba, domin bayan shekara ashirin na farkon ne zai gaya wa wani abin da yake kallo. Kira abubuwa da sunansu na Hausa: zanko, azara, dakali, akushi, maburgi. Sunan mutum kuwa sai in shi ya ce a sa.

In ta WhatsApp za ka tura, kada ka tura shi a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi ya rasa kaifi. Bi ta zaɓin dokumen, zai isa yadda yake. Tura kwana ɗaya kafin a rufe, saboda netwok da wutar lantarki ba su san ranar ƙarshe ba.

Saura abu ɗaya, wanda nake yi ko na ci ko ban ci ba. Kai hoton shagon masu wanke hoto a fitar maka da kati ɗaya, ka sa a ambulan, ka koma wurin wanda ka ɗauka ka miƙa masa hannu da hannu. Mai shayin bakin layinmu ya liƙa nasa a jikin akwatin burodi da salatif, kuma da jigon "wuta" ya zo bayan wata biyu, shi da kansa ya ce in zo kafin a idar da sallar asuba, lokacin da yake hura gawayi.